Dodon Bango: Abin da Ke Jawo Mai Sharhi ga Finafinan Ban Tsoro Masu Araha

Sa'ad da sinima ta fara shigowa ƙasar Hausa, jama'a sun raɗa mata suna biyu. Ɗaya shi ne majigi, watau hoton nan da motar Gwamnati ta kan kawo a nuna a ƙofar fada kyauta, don a koya wa mutane tsabta da noma. Ɗayan kuwa shi ne dodon bango. Wanda ya fara faɗin wannan suna na biyu lalle mai lura ne, gama ya haɗa abu biyu cikin suna guda: ya ga dodo, ya kuma ga bango. Gabansa ya faɗi, amma bai manta ba cewa abin da ya ke kallo haske ne bisa farar ƙasa. Tun daga 1937, da aka buɗe sinimar Rex a Kano, har zuwa yau da fim ya koma cikin wayar hannu, ba inda wannan suna ya dace kamar finafinan aljannu da fatalwa da matsafa waɗanda a ke shiryawa da kuɗi kaɗan. A cikinsu bango ba ya ɓuya. Wannan takarda za ta duba dalilin da ya sa yin sharhi a kansu ya ke da daɗi, da abin da ya wajaba ga mai sharhin don kada daɗin ya koma zalunci.

1. Irin fim ɗin da a ke nufi

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallo a gari kamar Wudil ya san shi. Wudil tana bakin kogi, kimanin kilomita 40 daga Kano, bisa hanyar da ta nufi Maiduguri, ran Juma'a kuwa kasuwar shanunta ta kan tara fatake da makiyaya da dillalai daga nesa. A zamanin kaset da faifai, watau daga shekarun 1990 zuwa farkon shekarun 2010, in rana ta faɗi a irin wannan gari sai mai gidan kallo ya ta da janareta, samari su jeru bisa benci, a sa fim. Labarin ba shi da wuyar bi. Wani ya yi kwaɗayin dukiya, ko kishiya ta ƙi jinin 'yar'uwar zamanta, sai a tafi wurin boka. Bokan yana zaune cikin kogo ko gindin tsamiya, ya yafa jan ƙyalle, ga ƙwarya tana hayaƙi a gabansa, yana ƙyaƙyata dariya wadda na'ura ta ninka ta sau uku. Sa'an nan aljani ya bayyana, fuska shafe da alli, ko fatalwa ta fito cikin likkafani. A yi ta ɓarna har kusa da ƙarshe, sai malami ya zo da carbi ya yi karatu, aljani ya yi kururuwa ya ɓace.

Aibin irin wannan fim ba sai an nema ba. Cikin labari dare ne, cikin hoto kuwa ga inuwar mutane ta la'asar. Fatalwa ta ɗaga ƙafa, sai ga silifa. Ana cikin zamanin sarakunan dā masu takubba, sai a ji ƙarar babur yana wucewa bayan kogon matsafi. Hausawa sun ce araha ba ta ado, gaskiyarsu kuwa. Abin lura shi ne masu kallo sun ga silifan nan tun kafin wani masani ya nuna musu. Su kan yi dariya, su yi wa fatalwar ba'a, su ba jarumin shawara da ƙarfi ya juya baya, amma ba wanda ya ke tashi kafin a ga ƙarshe. Kashegari a ci gaba da mahawara a teburin mai shayi. Nan ne sharhin fim ɗin Hausa ya fara, da baki, tun kafin mujallar Tauraruwa ta fito a Kano a 1998, ko mujallar Fim a Kaduna a 1999.

2. Asalinsa

Sana'ar fim ɗin bidiyo ta Hausa a kan ƙidaya farkonta daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990. Amma dodon da ke cikin waɗannan finafinai ya girmi bidiyo nesa. Tatsuniya ce uwarsa. Tsohuwar da ke ba jikokinta labarin Dodo ba ta da komai sai muryarta da duhun ɗaki, kuma ita da kanta ta kan rufe da faɗin cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. Watau an yi yarjejeniya tsakanin mai faɗi da mai ji: kowa ya san ƙarya ce, kowa kuwa ya yarda ya tsorata. Haka kuma a wasan tashe na watan azumi, yaro ya kan ɗaura tsumma da auduga ya shafa baƙin tukunya, 'yan unguwa su san ɗan wane ne, duk da haka ƙanana su gudu, manya su ba da hatsi ko kwabo.

Da rubutun boko ya zo, aljannu suka bi shi. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda aka buga a 1934, dukansu suna kai jaruminsu ga aljannu. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, na 1951, labarin jarumtaka ne da ta wuce hankali. Daga baya marubutan Kano irin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini suka cika kasuwa da littattafan yaƙi, masu bokaye da zobba na sihiri. A fim ma an taɓa ɗaukar tatsuniya kai tsaye, kamar Daskin da Riɗi.

Akwai kuma abin da ya zo daga waje. Finafinan Indiya, waɗanda Kano ta daɗe tana so, sun kawo macijiya mai rikiɗa mace, kamar cikin Nagin na 1976. Daga Kudu aka sami Living in Bondage na 1992, labarin mutumin da ya ba da matarsa ga ƙungiyar asiri don neman arziki, fatalwarta ta hana shi sakat, sai kuma Nneka the Pretty Serpent na 1994. Masu shirya fim na Arewa suka ɗebi dabara daga nan da can, suka zuba cikin tukunyarsu, suka sa malami da karatu a wurin da na Kudu su ke sa limamin coci.

3. Daɗin sharhin

Daɗi na farko shi ne ganin ɗinki. Fim ɗin da aka kashe masa dukiya mai yawa ya kan ɓoye hannun da ya yi shi, har mai sharhi ya rasa inda zai sa yatsa. Mai araha kuwa kamar riga ce da aka juya bayanta, ana ganin kowane zare. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga. In aljani zai ɓace, sai a tsai da kyamara, mai wasan ya fita daga wurin, a sake kunna ta. In mai ɗaukar hoton ya ɗan motsa, sai a ga itatuwa sun yi tsalle. Ɗalibin da ya lura da wannan tsalle ya koyi wani abu na gaske game da yadda a ke haɗa fim. Ya kamata kuwa ya sani wannan dabara tana da asali babba, gama da ita Bafaranshen nan Georges Méliès ya ɓatar da mace a gaban masu kallo cikin wani ɗan gajeren fim a 1896. Saurayin da ke ɓatar da aljani a bayan gari da kyamara ɗaya almajirin Méliès ne, ko ya sani ko bai sani ba.

Daɗi na biyu ya fi na farko nauyi. Wanda ba shi da kuɗi ba shi da lokacin kwana-kwana, sai ya tafi kai tsaye ga abin da ya san zai sa gaban jama'a ya faɗi, don kasuwarsa ta dogara ga wannan. Saboda haka waɗannan finafinai su kan zama kamar littafin lissafi na tsoron mutane. Me a ke tsoro? Dukiyar da ba a san asalinta ba. Kishiya da sammu. Baƙon da ya sauka a gari ba a san danginsa ba. Budurwar da aka tsinta a hanya da dare. Kogi da 'yan ruwa, gama duk garin da ke bakin ruwa ba ya rasa labarinsu. Mai sharhin da ya ce wannan fim shirme ne ya tsaya nan, ya zubar da tsaba ya riƙe ƙaiƙayi. Tambayar da ta kamata ita ce: me ya sa a shekara kaza attajiri ne mai shan jini, a shekara kaza kuwa tsohuwa ce? Me ya sa kullum daji ne mazaunin sharri, gari mazaunin tsira?

Daɗi na uku shi ne sakin harshe. In ana sharhin littafin da kowa ya riga ya girmama, marubuci ya kan yi tafiya da sanɗa don kada ya taka wani babba. Fim ɗin fatalwa mai silifa ba shi da dogarai. Mai sharhi yana da damar yin raha, ya yi habaici, ya yi zambo, watau ya yi amfani da kayan da Hausa ta fi wadata da su. Shi ya sa sau da yawa sharhin fim maras kyau ya kan fi na mai kyau daɗin karatu. Nan ne kuwa haɗarin ya ke, kamar yadda za a gani a gaba.

4. Darasi daga Amurka

Wannan sha'awa ba ta Hausawa kaɗai ba ce, kuma akwai misali biyu daga Amurka da za su taimaka wajen rarrabe araha da araha. Na farko Plan 9 from Outer Space, wanda Ed Wood ya shirya a ƙarshen shekarun 1950. Jiragen baƙin sama da ke cikinsa suna lilo bisa zare, duwatsun kabari kuwa suna karkacewa in an taɓa su. Babban ɗan wasan da aka so a yi talla da sunansa, Bela Lugosi, ya mutu a 1956, sai aka kawo wani da ya fi shi tsawo, ya riƙa rufe fuska da mayafi. A 1980 'yan'uwan nan biyu, Harry da Michael Medved, suka buga littafi inda aka naɗa shi fim mafi muni da aka taɓa yi. Wannan zagi shi ya raya shi. Mutane suka yi ta nemansa, har a 1994 aka yi fim a kan rayuwar Ed Wood kansa.

Na biyu Night of the Living Dead na George Romero, na 1968, wanda aka ɗauka a karkarar Pittsburgh da kuɗin da bai kai dala 120,000 ba. Hoton baƙi da fari ne, har an yi amfani da ruwan cakulan a madadin jini. Waɗansu masu sharhi na farko sun yi tir da shi. A 1999 kuwa aka sa shi cikin jerin finafinan da Amurka ta ke adanawa don tarihinta. Duka biyu talakawan finafinai ne, amma ɗaya talaucinsa ya kā da shi ya zama abin dariya, ɗaya kuwa ya mai da talaucinsa makami, gama rashin launi da rashin sanannun fuskoki su suka sa abin ya yi kama da gaske. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Aikin mai sharhi ke nan ya gane wane ne wane, ko a Pittsburgh ko a Kano.

5. Ibro da camama

Ƙasar Wudil tana da nata haƙƙi a wannan magana, domin ita ta ba da mutumin da ya fi kowa nuna abin da araha za ta iya. Rabilu Musa, wanda aka sani da Ɗan Ibro, an haife shi a Ɗanlasan a 1971, ya yi karatu a Kwalejin Horon Malamai ta Wudil, ya yi aikin gandiroba kafin ya ba da kansa ga fim. Ya rasu cikin Disamba 2014. Irin finafinan da ya shahara da su a kan kira su camama: ban dariya ne, a kan ɗauke su cikin 'yan kwanaki, a ƙauye, da kayan da aka samu a hannu. Camama ba fim ɗin ban tsoro ba ne, amma 'yan ɗaki ɗaya ne. Kasuwarsu ɗaya, masu kallonsu ɗaya, renin da 'yan birni su ke yi musu ɗaya. Boka da aljani kuma ba baƙi ba ne a cikin camama, sai dai a nan bokan ya kan zama macuci, mai cika baki kuwa shi ya kan riga kowa gudu. Watau camama ita kanta sharhi ce a kan fim ɗin tsoro: tana ɗaga likkafani ta nuna silifan da gangan.

Tarihin Ibro ya nuna abu biyu. Na farko, abin da aka rena a gida ya kan zama abin nazari daga baya. Ibro Usama na 2002, wanda ya mai da labarin da ya girgiza duniya abin wasa, ya sami wuri cikin nazarin Bajamushen masani Matthias Krings. Na biyu, hukuma ba ta ɗauki fim mai araha abin wasa ba. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, a 2008 kuwa kotun tafi-da-gidanka ta yanke wa Ibro hukuncin ɗaurin wata biyu a kan fim ɗin Ibro Aloko. Abin da zai kai mutum kurkuku bai kamata masani ya ce ya fi ƙarfin dubansa ba.

6. Sharuɗɗan mai sharhi

Dariya iri biyu ce. Akwai ta wanda ya ke zaune bisa bencin tare da jama'a, akwai kuma ta wanda ya leƙo ta taga. Na farko yana dariyar silifan fatalwa. Na biyu yana dariyar mutanen da su ke kallo, yana cewa ƙauyawa ne, ba su san an yaudare su ba. Wannan kuskure ne na ilmi kafin ya zama na ladabi, gama an riga an nuna cewa sun sani sarai. Sharaɗi na farko ke nan: a yi wa fim ba'a in ya cancanta, kada a yi wa masu kallonsa.

Sharaɗi na biyu, a raba talauci da lalaci. Rashin kuɗi uzuri ne ga dodon tsumma, amma ba uzuri ba ne ga labarin da ba shi da kai, ko zancen da a ke ta maimaitawa don a ja fim ɗaya ya zama kashi biyu a sayar sau biyu. Tsara labari ba ya cin kuɗi, tsohuwar tatsuniya ma ta iya. Mai sharhin da ya yafe kome da sunan tausayi ya rena mai fim ɗin daidai da wanda ya kushe kome, domin ya nuna ba ya tsammanin alheri daga gare shi.

Sharaɗi na uku shi ne mafi girma: kada raha ta rufe ido daga cutarwa. Aljani ba shi da dangi da za su ji kunya in an yi masa ƙazafi, amma mayya cikin fim fuskar mutum gare ta, kuma sau da yawa fuskar tsohuwa ce matalauciya wadda ba ta da mai tsaya mata. Zargin maita bai mutu ba, har yanzu ya kan jawo wa marasa gata duka da kora, wani lokaci har kisa. Haka kuma akwai finafinan da su ke nuna waɗanda ba Musulmi ba na karkara a matsayin masu shan jini, abin da Krings ya yi rubutu a kansa a 2005. Mai kallo yana iya dariyar jinin da aka haɗa da jan launi, ya koma gida yana yi wa maƙwabciyarsa wani irin kallo. Jinin ƙarya ne, zargin kuwa yana iya zama gaske. Sharhin da ya ƙidaya kurakuran hoto goma ya tsallake wannan bai yi aikinsa ba.

7. Abin da ke salwanta

Akwai dalilin gaggawa. Kaset ba ya jure zafi da ƙura, faifai kuwa ya kan karce. Kasuwar faifai ta faɗi, gidajen kallo da yawa sun koma nuna ƙwallon ƙafa ta Turai, fim kuma ya koma hannun masu tura shi cikin waya. Manyan finafinai irin su Sangaya na 1999 ba za a manta da su ba, don an yi rubutu a kansu, waƙoƙinsu kuma suna bakin mutane. Ƙananan finafinan aljannu ba su da wannan gata. Wanda ya shirya ba lalle ya ajiye ba, wanda ya saya ya yar da shi da ya karce. Ga da yawa daga cikinsu, ɗan sharhin da wani ya rubuta don nishaɗi shi kaɗai zai rage shaidar cewa an taɓa yinsu. Frank Edgar ya tattara tatsuniyoyi ya buga tsakanin 1911 da 1913, a lokacin da masu ilmi ba su ɗauke su komai ba face hirar mata da yara, yau kuwa ɗaliban Hausa ba su da taska kamar wannan.

Saboda haka ɗalibin da ke jin daɗin irin wannan sharhi kada ya ji kunya, sai dai ya ƙara masa tsari. Ya rubuta sunan fim, da shekarar da ya fito, da kamfanin da ya yi shi, da garin da aka ɗauke shi. Ya faɗi labarin a taƙaice kafin ya fara zambo. Ya bayyana dabarar da aka yi dodon da ita, da wanda aka ɗora wa sharri cikin labarin, da wanda aka ba ikon kawar da shi. In ya kalla cikin jama'a, ya rubuta inda suka yi dariya da inda suka yi tsit, gama wurin da benci ya yi tsit shi ne wurin da fim ɗin ya taɓa gaskiya. Tsofaffin masu gidajen kallo da masu sayar da faifai na Wudil da garuruwa irinta suna nan da ransu, waɗansu ba su rasa sauran kaya cikin kwali. Daga wurinsu ya kamata a fara.